Jini a Lungun Taiji: Tarken Fim ɗin The Cove da Irin Kallon da Amurkawa ke Yi wa Masuntan Japan

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma babu sana'ar da ta jingina da wannan karin magana kamar sana'ar masu fim na shaida, wanda Faransawa ke kira dokimanter. Mai irin wannan fim ba ya ƙaga labari, ba ya ɗauko ƴan wasa. Alƙawarin da ke tsakaninsa da mai kallo shi ne duk abin da ido ya gani ya auku. Sai dai kuma ido ba ya ganin komi sai inda aka juya kamara, kunne kuma ba ya jin kowa sai wanda aka bai wa damar magana. A kan wannan ma'auni ne nake son mu auna wani fim da Amurkawa suka yi game da masuntan wani ƙaramin gari na ƙasar Japan, wato The Cove, wanda Louie Psihoyos ya shirya, ya fito a 2009, ya kuma ci lambar yabo ta Oscar a 2010. Ma'anar sunan ita ce lungun teku. Da aka kai shi Faransa sai aka ƙara masa da La Baie de la honte, wato lungun abin kunya, ka ga ke nan an yanke hukunci tun kafin mai kallo ya samu wurin zama.

Da yake ƙasarmu ba ta da teku, ya kamata mu fara daidaita sunaye. Dabbar da Faransawa ke kira baleine, wadda za mu riƙa rubutawa balen, da ƙanwarta dolfin, a ruwa suke rayuwa kuma siffar kifi gare su, amma da huhu suke numfashi, haihuwa suke yi, suna kuma shayar da ƴaƴansu nono. Wanda ya san ayu na kogin Kwara ya san irin wannan halitta. Balen ita ce mafi girman dabbobin duniya. Dolfin kuwa bai cika wuce tsawon mutum biyu ba, yana tafiya garke-garke, kuma masana sun tabbatar da kaifin basirarsa.

Abin da fim ɗin ya ƙunsa

Taiji gari ne na bakin teku a lardin Wakayama, mutanensa ba su wuce 3000 da wani abu ba a lokacin da aka ɗauki fim ɗin. Kowace shekara, daga watan Satumba har wajen Maris, wasu ƴan jiragen masunta kan fita da asuba neman garken dolfin. In sun same shi sai su zura dogayen sandunan ƙarfe cikin ruwa su yi ta bugu da guduma. Da yake dolfin da sauti yake gane hanya, ƙarar sai ta zame masa katanga, a yi ta kora shi har cikin wani lungu, a rufe bakin lungun da taru. Daga nan sai a zaɓi masu kyan gani a sayar wa gidajen nuna dabbobin ruwa, saura kuma a kai su wata ƙurya da duwatsu suka kare, a kashe don nama.

Tauraron fim ɗin shi ne Ric O'Barry, mutumin da ya horar da dolfin ɗin da suka fito a wasan talabijin na Flipper cikin shekarun 1960. Shi da bakinsa yake faɗin cewa wannan wasa ne ya sa duniya ta kamu da sha'awar kallon dolfin a tsare, kuma tun daga 1970, ranar da ɗaya daga cikin dabbobin da ya horar ta mutu a hannunsa, ya sha alwashin rushe sana'ar da ya taimaka aka gina. Shi ne ya ja Psihoyos zuwa Taiji. Da hukumomin garin suka hana su ɗaukar hoto a ƙuryar, sai suka tara gwanayen nutso da masana na'urori, suka sa aka ƙera masu duwatsun ƙarya da kamara a ciki, suka lallaɓa cikin dare suka dasa su. Abin da kamarorin suka ɗauko shi ne ƙololuwar fim ɗin: masunta na tsaye cikin kwale-kwale suna sukan dabbobin da masu, dabbobin na ta birgima, ruwan lungun ya rine ja wur.

Inda fim ɗin ya yi gaskiya

Adalcin mai tarke shi ne ya fara da abin yabo. Jinin da aka nuna jini ne na gaske, kuma duk mahaucin da ya san aikinsa, a Maraɗi yake ko a Tokiyo, ya san cewa tsawaita wa dabba azabar mutuwa aibi ne. Bayan fitowar fim ɗin masuntan sun ce sun sauya hanya, suna soka ƙarfe a bayan kan dabbar don tsinke lakarta nan take. Amma wani nazari da likitocin dabbobi da masana halayyarsu suka wallafa a 2013 ya nuna cewa ko wannan sabuwar hanya ba za a yarda da ita ba a mayankar da doka ke sa wa ido. Wannan magana ce mai nauyi, kuma kalmar al'ada ba ta isa ta ɗauke ta ba.

Haka kuma fim ɗin ya tono batun zaiba, wadda Faransawa ke kira mercure. Dolfin na cin kifayen da suka ci wasu kifaye, saboda haka gubar da masana'antu ke zubarwa cikin teku takan taru a jikinsa. Kansiloli biyu na garin Taiji sun fito sun yi magana a kan haɗarin saka wannan nama cikin abincin ƴan makaranta, a ƙasar da ba ta manta da bala'in Minamata ba, inda aka gano cutar gubar zaiba a 1956. Gwajin da cibiyar binciken cutar Minamata ta yi wa mutanen Taiji fiye da 1000, wanda aka bayyana a 2010, ya nuna zaibar da ke gashin kansu ta zarce ta sauran Japanawa, ko da yake ba a samu alamun cutar a jikinsu ba. Abu na uku da fim ɗin ya fito da shi fili shi ne kuɗi: a faɗarsa, dolfin mai rai kan kai dala 150,000, alhali naman matacce bai wuce dala 600 ba. Ke nan mai sayen tikiti don kallon dolfin na tsalle a tafkin siminti yana da hannu a abin da ke faruwa a lungun.

Zubi da tsari: jarumai da mugaye

Matsalar tana cikin zubin da aka zuba wannan gaskiya. Psihoyos bai ɓoye ba cewa salon finafinan fasa banki na Hollywood ya ara: a tara gwanaye kowa da fanninsa, a zana taswira, a yi ta raɗa cikin ɗakin otel, a fita cikin duhu da kamarar da ke gani da dare, kiɗa na bugawa kamar bugun zuciya. Irin wannan zubi dole ya samu jarumai, dole kuma ya samu mugaye. Jaruman duk mun san sunayensu da tarihinsu, mun ga hawayensu, mun ji abin da ke hana su barci. Masuntan fa? A cikin kusan minti 90 ba a zauna da ko ɗaya daga cikinsu an tambaye shi wane ne ubansa, nawa yake samu, me yake ji in ya ɗaga mashi ba. Wanda aka fi nunawa a cikinsu wani ne da ke tare kamara yana daka tsawa, kuma ko sunansa ba a kira ba, sai laƙabin ba'a da ƴan fim suka raɗa masa daga kalmomi biyu na Ingilishi da yake maimaitawa. An mayar da mutum abin dariya don bai iya harshen baƙin da suka shigo garinsa ba. Duk malamin harshe da ya taɓa ganin yadda ɗalibi ke daburcewa in an tilasta masa kare kansa cikin harshen da ba nasa ba, ya san irin zaluncin da ke cikin wannan.

Akwai kuma wasa da alƙaluma. Fim ɗin na ta nanata cewa ana kashe dolfin da danginsa 23,000 kowace shekara a Japan, alhali hoton lungun Taiji ne ke gaban mai kallo. Mafi yawan wannan adadi wani jinsi ne dabam da ake farauta da mashi a tekun arewacin ƙasar; abin da hukuma ta yarje wa Taiji a lokacin wajen 2000 ne. Ba a yi ƙarya ba, amma an bar mai kallo ya ɗora wa ƙaramin gari guda kayan ƙasa baki ɗaya. Haka nan aka cuɗa farautar dolfin ta bakin gaɓa da farautar balen ta manyan jirage, alhali hukumar duniya mai kula da farautar balen, wadda aka kafa a 1946, ba ta yanka wa kowa adadin dolfin da zai kama.

Mu a nan Nijar muna da abin gwadawa. A farkon shekarun 1950 Jean Rouch ya ɗauki fim ɗin Bataille sur le grand fleuve a kan yadda Sorkawa ke farautar dorina da zago a kogin Kwara. A nan ma akwai jini, akwai babbar dabba da ke mutuwa a hankali. Amma Rouch ya koma Ayoru ya haska wa masuntan fim ɗin, suka kalla, suka yi masa gyara: sun ce kiɗan da ya saka a lokacin farautar kuskure ne, domin kiɗa ƙarfafa zuciyar dorina yake yi. Ya saurare su, ya cire kiɗan. Duk da haka bai tsira ba daga sukan Usman Sembene, wanda ya zarge shi da kallon ƴan Afirka kamar yadda ake nazarin ƙwari. To, in har wanda ya koma ya zauna a tabarma guda da mutanen da ya ɗauka bai kuɓuta daga wannan zargi ba, ina ga wanda ya ɓoye kamara cikin dutse, ya tafi da hoton can wata nahiya ya karɓo lambar yabo?

Tarihin da aka tsallake

Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, ka taka naka ka hango na wani. Wanda ya kalli The Cove bai san tarihi ba zai ɗauka cewa Amurkawa tun fil azal masoyan balen ne. A tsakiyar ƙarni na 19 babu ƙasar da ta kai Amurka farautar balen: a 1846 tana da jirage fiye da 700 a wannan sana'a, mafi yawan jiragen duniya ke nan, suna tashi daga tashoshi irin su Nantucket da New Bedford. Mai suke nema don fitilu da injuna. Su kan yanke kitsen su narka, su bar gangar naman ga kifayen teku. Tun wajen 1820 suka gano cewa tekun da ke gabas da Japan cike yake da balen, suka yi masa dirar mikiya. Littafin Moby-Dick na Herman Melville, wanda ya fito a 1851, wanda kuma masu karatun Faransanci suka sani ta fassarar Jean Giono da abokan aikinsa, a wannan duniya aka gina shi, har ma marubucin ya yi hasashen cewa jiragen farautar balen ne za su zama sanadin buɗe ƙofar Japan. Haka kuwa aka yi. A 1853 Kwamanda Matthew Perry ya iso da jiragen yaƙi, kuma cikin buƙatun da ke wasiƙar shugaba Fillmore akwai kyautata wa matuƙan Amurka da jirginsu ya nutse, da sayar wa jirage ruwa da abinci da gawayi. Yarjejeniyar Kanagawa ta 1854 ta buɗe tashoshin Shimoda da Hakodate.

Mutanen Taiji na cikin waɗanda suka ɗanɗana kuɗar wannan zamani. Tun 1606 suka tsara farautar balen ƙungiya-ƙungiya, a 1675 kuma suka ƙirƙiro dabarar tare ta da taru kafin a soke ta, suna jiran dabbar ta biyo gaɓa da kanta. Da balen ta yi ƙaranci, abin da masana tarihi da dama ke dangantawa da ɓarnar jiragen Turawa da Amurkawa, sai talauci ya kama garin. A watan Disamba na 1878 yunwa ta sa suka karya wani hani na kakanninsu, suka bi wata balen mai ɗa cikin mummunan yanayi. Igiyar ruwa ta ja su can tsakiyar teku, fiye da mutum 100 suka hallaka. Har yau akwai dutsen tunawa da su a garin. Fim ɗin da ya samu lokacin nuna yadda aka ƙera duwatsun ƙarya bai samu minti guda na wannan dutse ba.

Bugu da ƙari, Amurka ce da kanta ta cusa naman balen cikin tukunyar kowane Bajapane. Bayan yaƙin duniya na biyu, da yunwa ta addabi ƙasar, Janar Douglas MacArthur ya ba da izini a 1946 jiragen Japan su tafi tekun Antatika, can ƙuryar kudancin duniya. A ƴan shekarun nan naman balen ya kai kusan rabin naman da ake ci a ƙasar, ya shiga abincin makarantu, cin sa kuma ya kai ƙololuwa a 1962 da tan fiye da 200,000. Ita Amurka gano man fetur a Pensilbaniya a 1859 ne ya fara raba ta da sana'ar, kuma tasharta ta ƙarshe a Kalifoniya ba ta rufe ba sai 1971. Sauyin zuciyar ya zo ne a gurguje: a 1970 Roger Payne ya fitar da faifan kukan balen da ya ratsa zukatan jama'a, a 1972 aka kafa dokar kare dabbobin teku masu shayarwa, a shekarar kuma Amurka ta jagoranci kiran dakatar da farautar a taron muhalli na Stockholm. Cikin ƙasa da shekara 30, wanda ya ce maka ci ya dawo yana ce maka kai azzalumi ne don ka ci.

Masanin al'adu ɗan ƙasar Norwe, Arne Kalland, ya yi bayanin yadda masu fafutika suka tattara siffofin jinsuna dabam-dabam, girman wannan, ƙwaƙwalwar wancan, waƙar wannan, ƙarancin wancan, suka haɗa wata balen guda ta cikin tunani wadda babu ita a kowane teku. Wannan dabbar ce Ba'amurke ke gani in an ambaci Japan. Amma kuma a cikin Amurkar kanta mutanen Inupiyat na Alaska na farautar balen da izinin hukumar duniya, ƙabilar Makah ta jihar Washinton kuma, wadda yarjejeniyar 1855 ta tabbatar wa wannan haƙƙi, ta kashe guda a 1999, a 2024 kuma gwamnati ta yarje mata har 25 cikin shekara 10. Kafin ficewarta daga hukumar a 2019, Japan ta daɗe tana roƙon a bar wa garuruwanta huɗu na bakin teku, ciki har da Taiji, ƙananan balen 50 a shekara, ana hana ta; a taron Shimonoseki na 2002 ta rama ta hanyar toshe kason mutanen Alaska na ɗan lokaci. Abin da wannan ke nunawa shi ne, a idon Amurka, al'ada hujja ce karɓaɓɓiya in ta fito daga bakin ƙaramar ƙabila da ake tausayi, amma in ta fito daga bakin mai ƙera Toyota sai ta zama yaudara.

Kalmar al'ada a bakin hukumomin Japan

Kada mai karatu ya ɗauka cewa wannan tarihi ya wanke ɗaya ɓangaren, domin laifin wani ba ya zama tsarkin wani. Lokacin da jakadiyar Amurka a Tokiyo, Caroline Kennedy, ta bayyana damuwarta a kan farautar Taiji a watan Janairu na 2014, amsar da firaminista Shinzo Abe da muƙarrabansa suka bayar ita ce wannan al'ada ce ta gargajiya. Wace al'adar? Gaskiya ne a wasu yankuna akwai tsohuwar alaƙa mai zurfi da wannan dabba. A Kayoi, cikin lardin Yamaguchi, akwai kabarin da aka gina a 1692 don ƴan tayin da aka samu a cikin balen da aka kashe, kuma wurin ibadar garin na ajiye da littafin sunayen da aka raɗa wa dabbobin bayan mutuwarsu, kamar yadda ake yi wa mutane. Amma a wasu yankunan masunta na ɗaukar balen a matsayin mai kawo albarka, domin ita ke koro ƙananan kifaye zuwa gaɓa. A 1911 masuntan ƙauyen Same, kusa da Hachinohe a arewa, sun ƙone tashar wani kamfanin farautar balen ƙurmus saboda jini da man da ke ɓata masu ruwa. Su ma Japanawa ne, tasu ma al'ada ce.

Farautar zamani da bindigar mashi daga Norwe aka kwaso ta a ƙarshen ƙarni na 19, jiragen Japan kuma ba su fara zuwa Antatika ba sai 1934. Korar dolfin da jirage masu inji ita ma abar ƙarni na 20 ce, cinikin masu rai kuwa ya bunƙasa ne bayan buɗe gidan tarihin balen na Taiji a 1969. Da hukumar duniya ta zartar da dakatar da farautar kasuwanci a 1982, Japan ta ƙi amincewa da farko, sannan ta janye ƙin nata saboda barazanar Amurka ta hana ta kamun kifi a ruwanta, daga 1987 kuma ta ci gaba da farautar da sunan binciken kimiyya, naman na ƙarewa a kasuwa. A ranar 31 ga Maris 2014 Kotun Duniya da ke ƙasar Holan, a ƙarar da Ostareliya ta shigar, ta yanke hukunci da ƙuri'a 12 a kan 4 cewa shirin na Antatika ba don kimiyya ake yin sa ba, bayan an kashe ƙananan balen wajen 3600 a ƙarƙashinsa. Saboda haka hukumomin Tokiyo sun ɗauki rigar masuntan Taiji mai shekara 400 sun yafa wa jirgin masana'anta, kamar yadda ƴan fim suka ɗauki laifin jirgin masana'anta suka rataya wa masuntan. A duka biyun, mutumin da ke cikin kwale-kwalen an yi amfani da shi ne kawai.

Abin da fim ɗin ya haifar

Fim mai neman gyara da sakamakonsa ake auna shi. Ta wata fuska ya ci nasara: a 2015, bayan matsin lambar ƙungiyar gidajen dabbobi ta duniya, takwararta ta Japan ta hana mambobinta sayen dolfin daga Taiji. Ta wata fuskar kuwa ya ƙara wa wutar makamashi. Da aka zo nuna shi a Japan a 2010, masu tsananin kishin ƙasa sun yi zanga-zanga har wasu gidajen sinima suka fasa, sai da marubuta da ƴan jarida na ƙasar suka tashi tsaye don kare ƴancin nuna shi. Ƴan fafutika daga waje, musamman na ƙungiyar Sea Shepherd, suka riƙa sauka a garin kowace kaka suna bin masunta da kamara. Jama'ar da yawancinsu ba su damu da wannan nama ba, domin a yau bai kai kashi 1 cikin 100 na naman da ake ci a ƙasar ba, sai suka ga ana wulaƙanta ƴan uwansu. Masu nazari a Japan har suna da suna ga wannan hali: ba goyon bayan farautar ba, adawa da masu adawa da ita. A ƙarshen Yuni 2019 Japan ta fice daga hukumar duniya, ta bar Antatika, ta koma farautar kasuwanci a ruwanta tun daga 1 ga Yuli. A 2024 ta ƙaddamar da sabon babban jirgi mai suna Kangei Maru. A Taiji kuma ba a daina buga sandunan ƙarfe ba.

Finafinai biyu sun mayar da martani. Na Keiko Yagi, Behind The Cove, na 2015, ya faɗa ramin da yake zargin wani da haƙawa, domin shi ma ɓangare guda ya tsaya wa. Wanda ya fi cancantar a nema a kalla shi ne A Whale of a Tale na Megumi Sasaki, Bajapaniya mazauniyar New York, wanda ya fito a 2016. Ba shi da duwatsun ƙarya, ba shi da kiɗan tashin hankali. Ta zaunar da masunta da magajin gari da ƴan fafutika kowa ya faɗi tasa, ta kuma bi wani ɗan jarida Ba'amurke, Jay Alabaster, wanda ya koyi harshen ya tare a garin har mutane suka saki jiki da shi. A nan ne muke jin masuntan na magana a kan gadon iyayensu da fargabar mutuwar garinsu, muna kuma ganin cewa ƴan fafutikar ma ba mahaukata ba ne, abin da suke gani yana ci masu rai da gaske. Fim ɗin bai samu ko kusa da shuharar The Cove ba, domin sauraro ba ya cika gidan sinima kamar yadda jini ke cika shi.

Kammalawa

Hukuncina a kan The Cove shi ne, fim ne na gwani wanda ya ga gaskiya guda ya rufe ido ga sauran. Ya nuna azabar dabba yadda ba mai iya musantawa, amma ya hana wanda ake tuhuma buɗe baki, ya kuma share sawun ƙasarsa daga tarihin da yake yanke wa hukunci. Tambayoyin da suka kamata a yi a bayyane suke: shin jinsin da ake kamawa na fuskantar ƙarewa? Shin ana iya rage azabar kisan, in kuma ba a iyawa, shin ya halatta a ci gaba? Shin naman na cutar da yara? Wa ke cin ribar cinikin masu rai? Kowace daga cikinsu ana iya zama da masuncin Taiji a tattauna ta, kuma mai yiwuwa ne a ƙarshe hujja ta kayar da shi a kan wasu. Amma ba a kayar da mutum da hujja sai an fara yarda cewa yana da bakin magana. Ina ba malaman da ke koyar da nazarin fim da adabi shawara su haska wa ɗalibansu finafinan Psihoyos da Sasaki ɗaya bayan ɗaya, in da hali su haɗa da na Rouch, sannan su tambaye su a kowanne wa ya riƙe kamara, wa aka bari ya yi magana, wa kuma aka nuna wa hoton bayan an gama. Masu kamara na zuwa garuruwanmu mu ma, kuma ɗalibin da ya iya yin waɗannan tambayoyi a kan lungun Taiji zai iya yin su ranar da aka juyo da ita ƙofar gidansu.